Da wane mudu ake auna ci gaban kimiyya a ƙasar da ke rayuwa da man fetur?

Ɗan_Samaru:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga malaman jami'a da masana tattalin arziki da ke cikinmu. Duk shekara hukumar WIPO ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana jera ƙasashe sama da 130 bisa ƙarfinsu a ƙirƙire-ƙirƙire. Suwizalan ce ke zuwa ta ɗaya tun 2011, Najeriya kuwa kusan kullum tana can bayan ta 100. Wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Saudiyya da Katar, waɗanda ke zama tsakanin ta 30 da ta 50 ko kusa da haka. Su ma ai mai da iskar gas suke sayarwa kamar mu. To shin wannan jerin kimiyya yake aunawa, ko yawan kuɗin man da ƙasa ta samu ta zuba a gine-gine da intanet? In kuma bai dace da irinmu ba, da me ya kamata mu auna kanmu?

Malam_Habu_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ka fara sanin yadda ake haɗa jerin. Ma'aunai ne wajen 80, an raba su gida biyu: abin da ƙasa ta zuba, da abin da ya fito. A gidan farko akwai kuɗin ilimi, kuɗin bincike, lantarki, intanet, sauƙin samun bashi, ingancin hukumomi. A na biyu akwai takardun mallakar ƙirƙira, maƙalun kimiyya, kayan fasaha da ake fitarwa waje da makamantansu. Ƙasa mai kuɗin mai da mutane kaɗan tana iya cika gidan farko cikin shekara goma, domin duk abin saye ne. Na biyun ne ba ya sayuwa da sauƙi. In ka buɗe shafin ƙasashen Tekun Fasha za ka ga matsayinsu a abin da suka zuba ya fi matsayinsu a abin da ya fito. Tazarar nan ita ce abin dubawa, ba lambar ƙarshe da jaridu ke ɗauka ba.

Ummu_Hanan:
Mu da ko wutar da za a kunna firij ɗin ɗakin gwaje-gwaje ba mu da ita, wane irin aunawa kuma? A kawo wuta tukuna.

Dr_Gwarzo:
Hajiya Ummu Hanan, aunawar ce ke nuna inda kuɗin ya tafi, har da na wutar.

Ma'aunin da duniya ta fi amfani da shi shi ne kason da ƙasa ke kashewa a bincike daga cikin GDP, wato jimillar darajar abin da tattalin arzikinta ke samarwa a shekara. Ƙa'idar lissafinsa tana cikin kundin Frascati na OECD, ƙungiyar da yawancin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, tun 1963. Shugabannin Afirka sun yi alkawarin kashi 1 cikin ɗari tun a Shirin Legas na 1980, aka sake nanatawa a Tarayyar Afirka, har yau yawancinsu ba su kai ba. Koriya ta Kudu tana wajen kashi 5. Mu kuma binciken da cibiyar NACETEM ta Ile-Ife, mai nazarin tsare-tsaren kimiyya da fasaha, ta yi kan shekarar 2007 ya ba da kusan kashi 0.2.

To ga abin dariyar. A 2014 aka sabunta lissafin GDP na Najeriya, aka bar shekarar tushe ta 1990 aka koma 2010. Dare ɗaya tattalin arzikinmu ya koma wajen dala biliyan 510, muka wuce Afirka ta Kudu. Shi kuma wancan kaso na 2007 da aka sake raba shi da sabon GDP sai ya sauka zuwa 0.13. Ba a kori mai bincike ko ɗaya ba, ba a rage sisi daga abin da aka riga aka kashe ba, amma a takarda mun ja baya. Kamar mai awo ne da ya bubbuge gindin mudunsa, hatsin yana nan yadda yake, awon ne ya canja. Kuma a ƙasar mai haka abin yake duk lokacin da farashi ya motsa. Mai ya yi tsada, GDP ya kumbura, kason bincike ya ƙanƙance. Mai ya faɗi, kason ya ɗago, sai wani ya fito a talabijin ya ce an samu ci gaba.

Ɗan_Samaru:
Dakta wannan bayani ya shige ni. Amma ai man bai kai kashi 10 na GDP ɗinmu ba yanzu. Ta yaya zai juya lissafin haka?

Dr_Gwarzo:
A GDP kasonsa kaɗan ne, gaskiya. Amma shi ke kawo mafi yawan kuɗin waje, sama da kashi 80 na abin da muke samu daga fitar da kaya a yawancin shekaru, kuma shi ke riƙe da kasafin gwamnati da darajar naira. Bincikenmu kuwa kusan duka gwamnati ce ke biya, ba kamfanoni ba. Ka tuna 2014 zuwa 2016, ganga ta sauko daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da 30, tattalin arziki ya shiga koma-baya a 2016. Na'ura da sinadaran gwaji duk da dala ake sayo su. Ko an ba ka naira iri ɗaya da ta bara, rabin kaya za ka kawo.

Sarkin_Walda:
Ku yi haƙuri malamai, ni ban yi boko mai zurfi ba, walda nake yi. Amma ku zo Panteka a Kaduna ku gani. Injin niƙa, injin casar masara, injin matsar man gyaɗa, injin yanka ciyawar dabbobi, duk a nan ake ƙera su. Manomi zai zo ya ce wancan na China yana fasa masa ƙwaya, a zauna a sake masa rariya da juyin ƙarfen har ya daina. Wani ya gani ya kwaikwaya ya ƙara nasa. Babu wanda ya taɓa zuwa da takarda ya tambaye mu me muka ƙera bana. In ba a ƙirga mu, lissafinku na rabin gari ne.

Malam_Habu_Lissafi:
Sarkin Walda, Allah ya ja zamaninka, maganarka tana kan hanya. Akwai wani kundin ma, na Oslo, wanda shi kan ƙirƙira yake magana ba bincike ba, kuma a ƙa'idarsa ba sai abu ya zama sabo a duniya ba, in sabo ne a wurin mai sana'ar ya shiga lissafi. Matsalar ita ce masu tattara bayanan kan bi kamfanoni masu rajista da ma'aikata goma zuwa sama. Ku kuma da yawancin masu sana'a a ƙasar nan ba kwa cikin wannan rukuni.

Abu_Sumayya:
Ni fa ina tsoron irin wannan magana. Duk sanda aka nuna mana muna baya sai mu ce ma'aunin ne bai dace da mu ba. Da girmamawa ga Sarkin Walda, ƙarfen da kuke walda daga ina yake zuwa? Injin da ke juya na'urar casar fa? Ƙarfen Ajaokuta da aka fara ginawa tun 1979 har yau bai ba ku falle ɗaya ba. Gyaran rariya dabara ce, ban raina ba, amma ba ita za ta haɗa maganin rigakafi ko ta tace ɗanyen mai ba. Kada mu lallashi kanmu. Ko da wane mudu aka auna, muna baya.

Sarkin_Walda:
Ban ce muna gaba ba ɗan'uwa. Na ce ba a ƙirga mu.

Hajiya_Lecturer:
Bari in shigo ta ɓangaren maƙalu, tunda nan ne nake. Yawan maƙalun da 'yan Najeriya ke bugawa ya ƙaru sosai, wannan ba a musu. Amma ku tambayi dalilin. Ƙarin girma a jami'a da adadin maƙala ake samu. Kana son zama babban malami, kawo kaza. Farfesa, kawo kaza. Sai mutum ya ɗauki bincike ɗaya ya yayyanka shi gida uku, ko a yi adashe, ka sa sunana in sa naka. Ga mujallun da in ka biya yau, mako mai zuwa an buga, babu mai dubawa. A sashenmu akwai wata na'ura da aka sayo da kuɗi masu yawa, tana cikin kwalinta har garantinta ya ƙare, saboda ba a horar da mai sarrafa ta ba kuma ɗakin ba shi da tsayayyar wuta. A rahoton shekara kuwa an rubuta ta a matsayin kuɗin da aka kashe a bincike. Ta shiga lissafin Frascati ɗin Dakta Gwarzo tsaf.

Ɗan_Birni_02:
Adashen maƙala 😂 Anti kin tona asiri.

Dr_Gwarzo:
Ba mu kaɗai ba ne Hajiya, masu kuɗi nasu ya fi tsada ne kawai. Tun 2011 mujallar Science ta ruwaito yadda wasu jami'o'in Saudiyya ke biyan fitattun masana na ƙasashen waje domin su rubuta sunan jami'ar a matsayin wurin aikinsu, abin da ke ɗaga jami'ar a jerin duniya. A 2023 maganar ta sake tashi a jaridun Sifen. Wannan shi ne amsar tambayar Ɗan Samaru ta farko: wasu ma'aunan kuɗin mai na iya sayensu kai tsaye. Amma adalci shi ne a faɗi ɗaya gefen. Jami'ar KAUST da suka buɗe a 2009 bincike na gaske ake yi a cikinta, kuma Aramco, kamfanin man Saudiyya, tana da cibiyoyin bincike nata da takardun mallakar ƙirƙira masu yawa a Amurka. Kuɗin mai ba ya hana kimiyya. Abin tambaya shi ne in an janye kuɗin, me zai tsaya da ƙafarsa.

Barista_Nura:
Tunda an ambaci takardun mallakar ƙirƙira, a kula. Dokarmu ta 1970 ba ta tanadi a binciki ko ƙirƙirar sabuwa ce da gaske kafin a ba da takarda ba. Ana duba cikar takardu ne da biyan kuɗi, kuma dokar da kanta ta ce ana bayarwa ba tare da lamunin inganci ba, sai in an je kotu. Don haka in jami'a ta ce ta samu takardu ashirin bana, ba daidai yake da ashirin na Amurka ko Jamus ba. Ni abin da zan tambaya shi ne guda nawa wani kamfani ya biya kuɗi ya karɓi lasisinsu.

Bakatsine_Mai_Wake:
Ni manomi ne, kuma ina da nawa ma'aunin. Me ya fito daga cibiyar bincike ya iso gonata? Cibiyar IAR ta Samaru ta fitar da irin masara na SAMMAZ, gyaɗa SAMNUT, dawa SAMSORG, wake SAMPEA. A 2019 aka saki SAMPEA 20-T wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta cinsa, feshin da ake yi sau shida zuwa takwas ya koma kamar biyu. Cibiyar NAPRI ta Shika ta fitar da kazar Shika Brown. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin alluran rigakafin dabbobi shekara da shekaru. A ƙirga hekta nawa aka shuka da waɗannan iri, buhu nawa aka ƙara, shanu nawa aka yi wa allura. Wannan lissafin ba ya hawa ya sauka da farashin ganga.

Abu_Sumayya:
Shi ma waken, ƙwayar halittar da aka sa masa daga waje ta zo, da haɗin gwiwar masana na Ostireliya da gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF. Namu sun yi aikin haɗa shi da irin gida da gwaji a gonaki. Aiki ne babba, amma a faɗi yadda yake.

Bakatsine_Mai_Wake:
To ai iya karɓar abu a gyara shi ya dace da ƙasarka shi ma ilimi ne Malam. Wanda ba shi da masana ko an ba shi kyauta ba zai iya ba.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu namu yuraniyom ne, yanzu kuma ga mai. Tun 1971 ake haƙa a Arlit, an rufe mahaƙar COMINAK a 2021 bayan ta ƙare. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, ga bututun mai da ya tafi ƙasar Benin. Duk wannan bai sa mun zama masu kimiyyar nukiliya ba, kuma wutarmu ma da yawa daga Najeriya muke sayowa. Amma akwai abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun shekarun 1980, sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture a gona, sai a bar tohonsa a gyara shi ya zama itace. Masu bincike sun ƙiyasta fili wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Sai da aka duba hotunan sama da na tauraron ɗan'adam kafin duniya ta yarda abin ya kai haka. Ba takardar mallaka, ba kasafin bincike, ba ya cikin jerin WIPO. Kuma muna da Farfesa Abdou Moumouni da ya yi aiki kan hasken rana tun shekarun 1960, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Da an bi sawunsa da kuɗin yuraniyom da yanzu wani zance ake yi.

Ummu_Hanan:
Wannan ya tuna min da marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa, mai tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye kayan miya. Sai da kamfanin agogo na Rolex suka ba shi kyauta a 2000 sannan muka san da shi a gida.

Ɗan_Birni_02:
Abin haushi, Maleshiya a wurinmu suka zo suka ɗauki irin kwakwar manja, yau su ke sayar mana.

Malam_Habu_Lissafi:
Wannan labarin ana yawan faɗinsa amma ba haka tarihin yake ba. Asalin itacen na Afirka ta Yamma ne, gaskiya, sai dai tun 1848 Turawan Holan suka kai shi lambun Bogor a tsibirin Java, kuma an fara nomansa na kasuwanci a Malaya a 1917, tun kafin a yi ƙasa mai suna Maleshiya. Abin koyi a wurinsu daban ne. Sun kafa cibiyar binciken manja a 1979, kuma masu masana'antar ne ke biyan harajin da ke tafiyar da ita a kan kowane tan. Wanda ya biya kuwa zai tambayi sakamako.

Injiniya_Fatakwal:
Ina aiki a harkar mai, bari in kare ta kaɗan. Kuna magana kamar mai da kimiyya kishiyoyi ne. Birazil ta sa wa kamfanonin da ke haƙa a manyan rijiyoyi sharaɗin kashe kashi 1 na kuɗin da suka samu a bincike a cikin ƙasar, kuma Petrobras, kamfanin man ƙasar, ta zama gwana a haƙar mai a ruwa mai zurfi. Norwe ta samu mai a Ekofisk a 1969, mu mun samu a Oloibiri tun 1956, amma yau kamfanonin Norwe ke sayar wa duniya fasahar haƙa a ƙarƙashin teku. Mu ma muna da dokar 2010 ta shigar da 'yan ƙasa a harkar mai, da hukumar NCDMB mai aiwatar da ita a Yenagoa, da kashi 1 da ake cirewa daga kwangiloli. An samu canji, akwai aikin ƙira da walda da ake yi a wuraren ƙira na Legas da Fatakwal wanda da can sai a waje. Ma'aunin da zan ba Ɗan Samaru: cikin kowace dala da aka kashe wajen fito da ganga ɗaya, nawa ta tafi ga injiniyan gida da ya zana, ba ɗan kwangilar da ya yi odar kaya daga waje ya manna sunansa ba.

Hajiya_Lecturer:
Injiniya, ga PTDF ma, asusun bunƙasa fasahar man fetur, tun 1973 take, ta tura dubban ɗalibai karatu waje. Ita ma a auna ta da nawa suka dawo, kuma cikin waɗanda suka dawo nawa ke aikin da suka karanta. Ana ƙirga masu digiri na uku da aka yaye, ba a ƙirga waɗanda suka yi japa, wato suka tsere ƙasashen waje. Bayan yajin aikin wata takwas na 2022 na san abokan aiki da dama da suka tattara. A takarda an horar da su, amfaninsu kuma yana Ingila da Kanada da Saudiyya.

TETFund kuma, asusun tallafa wa manyan makarantu, kada a manta daga harajin ribar kamfanoni take samun kuɗi, kashi 2 a da, aka kai shi 3 a 2023, kuma kamfanonin mai na cikin manyan masu biya. Ita ma ke nan igiyarta tana ɗaure da ganga. Ga shi mafi yawan abin da ido ke gani gini ne.

Dr_Gwarzo:
Akwai ma'auni ɗaya da ban ji an ambata ba, kuma a ganina shi ya fi wuyar yi wa wayo. Masana biyu, Hausmann da Hidalgo, ne suka fito da shi, ana buga shi a Harvard. Ba ya tambayar nawa ka kashe. Yana duba kayan da kake sayar wa duniya: iri nawa ne, kuma ƙasashe nawa ne ke iya yin irinsu. In kana sayar da abin da kowa ke iya tonowa, makinka ƙasa. In kana sayar da injuna da magunguna da sinadarai da 'yan ƙasashe kaɗan ke iya yi, makinka sama. Japan ta daɗe a saman jerin, mu muna can kusa da ƙarshe. Hujjarsu ita ce kaya shaida ne na abin da mutanen ƙasa suka iya.

Kuma yana nuna cutar Holan ƙarara, wato yadda kuɗin ma'adini ke ƙarfafa kuɗin ƙasa har kayan waje su yi araha, noma da masana'anta su mutu. Mun gani da idonmu. Dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace a shekarun 1970, masaƙun Kaduna sun rufe ɗaya bayan ɗaya, ku zaga Sharaɗa da Bompai da Challawa ku ƙirga ƙofofin da ke garƙame. Masana'antar da ta mutu ba ta neman mai bincike. Shi ya sa malamin kimiyyar sinadarai ke rubuta maƙala don ƙarin girma, babu masaƙar da za ta kira shi ta ce rininmu yana zuba.

Abu_Sumayya:
Yauwa Dakta. Wannan ma'aunin na yarda da shi, kuma ya tabbatar da maganata.

Ɗan_Maraɗi:
Amma shi ma bai ga itatuwanmu ba, tunda ba a fitar da su waje. Bai ga injin Sarkin Walda ba, wanda 'yan kasuwarmu ke sayowa su shigo da shi ta Jibiya da Maigatari ba tare da ya shiga kundin kwastan ba.

Injiniya_Fatakwal:
Kuma ga tambaya. Matatar Dangote mai ganga 650,000 a rana ta fara aiki a 2024, yanzu ana fitar da tataccen mai da takin zamani. A wannan ma'aunin za mu ɗan hau. Amma na'urorin daga waje aka sayo, zanen ma haka. Hawan namu ne ko na wanda ya sayar mana? Ni zan ce sai nan da shekara goma, in an ga wa ke gyara ta in ta tsaya.

Ɗan_Samaru:
Na gode ƙwarai, na samu fiye da abin da na nema. Amma har yanzu da saura. In gwamna ko minista ya ce a ba shi lamba uku kacal da zai riƙa dubawa duk shekara, waɗanne za ku ba shi? Ni na fara karkata ga na Bakatsine da na Barista.

Hajiya_Lecturer:
Duk lambar da ka ba shi, shekara biyu ta isa a koyi yadda ake cika ta. Ka ce hekta, za a raba iri a ɗauki hoto a rubuta hekta.

Bakatsine_Mai_Wake:
Hajiya ba irin da aka raba kyauta za a ƙirga ba. Wanda manomi ya dawo da kuɗinsa ya saya a shekara ta biyu.

Malam_Habu_Lissafi:
Kafin lamba uku, a fara yin ƙidayar kanta a kai a kai. Afirka ta Kudu duk shekara take binciken kuɗin da aka kashe a bincike. Mu bayan na 2007 an daɗe ƙwarai kafin a sake samun wani adadi, shi ya sa rahotannin duniya suka yi shekaru suna maimaita tsohuwar lamba, wani wurin ma a bar gurbin Najeriya babu komai. Wani ɓangare na matsayinmu a jerin WIPO ɗin da ka fara da shi, da tsofaffin alƙaluma aka gina shi.

Sarkin_Walda:
In za su fara ƙidayar su biyo ta Panteka, muna buɗewa ƙarfe takwas. Su zo da mai jin Hausa, kada a kawo mana takardar Turanci shafi goma a ce mu cike.